Marainiyar Da Ba A Shafa Wa Kai

“Kin yage ta,” in ji Iya Yelwa daga kan tabarma, ko ɗago kai ba ta yi ba.

Bintu ta dubi ƙwaryar kunun da ke gabanta. Yanar da ta kwanta a saman kunun ta rabe gida biyu, rabi ya manne mata a yatsa, rabi ya nutse. Karo na huɗu ke nan tun hantsi.

“Iya, kunu ne fa! Ni da girmana, da furfurata, a zaunar da ni ina wasa da kunu kamar wadda aka yaye jiya? Ga geron gidan Ummuhani can a turmi yana jira na.”

“Bar shi ya jira. In kunun ya sake yin yana, ki sa yatsu ta ƙarƙashi, ki ɗago ta gaba ɗaya. Ban ce ki tsinka ba, ban ce ki ja ba.”

Bintu ta ja wani dogon tsaki, har kajin da ke tsakar gida suka ɗaga kai. Daga bakin ƙofar ɗaki aka yi wata 'yar siririyar dariya. Jamilatu ce, jikar tsohuwar, tana zaune a kan matashin audugar rimi, hannayenta naɗe da tsumma, tana kallon babbar mace tana shan kashi a hannun kunu.

Duk unguwar Dogo Nini, kai har cikin kasuwar Potiskum, an san Bintu da abu biyu, hannu da baki. Hannun na surfe ne. Tun da mijinta ya rasu take yi wa gidajen masu hali daka, musamman gidan Ummuhani, uwargidan wani attajiri Bakano mai sayen fata, har tafinta ya yi kaushin da in ta shafa zane sai ka ji yana ƙara. Bakin kuwa, Allah ya kiyaye. Ita ce ta taɓa tsayar da duba-gari a ƙofar gida ranar da ya ce zai leƙa randarta, ta tambaye shi ko shi ya jido mata ruwan. To wannan matar ce tsohuwa Yelwa, wadda dangar kara kawai ta raba gidajensu, ta sa aka kira ranar da ƙafafunta suka kumbura ta kasa tashi. Ba gaisuwa mai tsawo, ba lallashi. Cewa kawai ta yi, “Ke za ki koyi wankan yarinyar nan.”

Yarinyar kuwa ba irin wadda ake kama wa hannu a ja zuwa bayan ɗaki ba ce. Da ciwonta aka haife ta. Fatarta ba ta riƙe jiki yadda ta kowa ke riƙewa. Abu kaɗan ya goge ta sai wurin ya tashi bororo, in aka ƙara gogawa fatar ta saluɓe ta bar ɗanyen nama. Bakin tabarma yana yi mata haka, ɗinkin riga yana yi, ɓawon gyaɗa in ta taka yana yi, har tuwon da ya kwana in ya yi tauri sai ya fasa mata baki. Shekararta bakwai, ba a taɓa yi mata kitso ba, ba a huda mata kunne ba, ba a taɓa goya ta ba. Rigunanta duk a juye take sa su, ɗinki a waje. Amma fa bakinta garau, kuma ba abin da ke wuce idonta.

Mutane sun faɗi abin da suka faɗa. Wasu suka ce agana ce ta ƙi tafiya, wasu suka ce kuturta, wasu suka ce uwar ce ta tsallake wani abu tana da ciki. Shekarar da aka gama yaƙin Bama, wani Baturen likita da ya yada zango a garin kan hanyarsa ta zuwa birnin Yerwa ya duba ta, ya faɗa ta bakin tafinta cewa ba ko ɗaya daga ciki, abin a jini yake, ba a ɗauka, kuma shi ba shi da maganinsa. Iya Yelwa ta ce a gaya masa ta gode, amma ta riga shi sanin wannan da shekara talatin. Ɗanta na fari da irin fatar ya zo. Ranar suna wanzami ya yi masa aski kamar yadda ake yi wa kowane jariri, fatar kan ta biyo askar, yaron bai ƙara sati biyu ba. Shi ya sa ranar sunan Jamilatu tsohuwar ta zauna a bakin ƙofa da muciya a hannu, wanzami ya ci tuwonsa ya tafi, askarsa ba ta fito daga zabira ba. Uwar yarinyar ta rasu tun ba a yaye ta ba. Uban ya shiga soja, aka kai shi yaƙin nan na Bama, bai dawo ba. Ya rage daga ita sai kakarta.

Kwana goma sha ɗaya Bintu ta yi tana koyon nan, kuma ba ranar da aka tashi ba a yi faɗa ba. Aka sa ta yanke farce har ya kusa jini. Aka sa ta cire warwaro. Aka sa ta riƙa jiƙa hannu a ruwan ɗumi safe da yamma tana shafe shi da man kaɗe, kamar wata amarya. Da sassafe sai a sa tulu a rana don ruwan ya yi ɗumi da kansa. Ba soso, ba sabulu, ba cuɗa, zubawa kawai ake yi da ƙoƙo a bar ruwan ya gangara. Bororon da ya tashi a huda shi ta ƙasa da ƙayar aduwa, ruwan ya tsiyaye, a bar fatar a wurinta. Sannan a ɗauko tsohon yadin akoko da aka wanke har ya gaji ya yi laushi, a shafe shi da mai, a naɗa, ba sako-sako ba, ba tamau ba. In za a ɗaga yarinyar, ba a kama hamata. Hannu ɗaya a shimfiɗe ƙarƙashin cinya, ɗaya a bayanta.

Abin da ya fi cin ran Bintu shi ne tsumman jiya da ya manne.

“Iya, ya manne.”

“Ki jiƙa.”

“Na jiƙa.”

“Ki ƙara.”

“Rana fa tana tafiya!”

“Ta tafi mana. Zai faɗi da kansa.”

Ita kuwa da ta saba in ta ɗaga taɓarya sau uku aiki ya soma nuna kansa, sai ga ta durƙushe tana ɗiga ruwa a kan tsumma, tana jiran ya ga dama. Jamilatu ta dube ta ta ce, “Inna Bintu, ke ko numfashi da ƙarfi kike yin sa.”

“Ji mini 'ya! Numfashin ma sai na nemi izini?”

Har zuwa lokacin yarinyar ba ta yarda Bintu ta taɓa ta sama da gwiwa ba. Ƙafafu dai ta sallama, tana kallo, tana gyara mata kuskure. Daga nan zuwa sama sai ta ja jiki kusa da tabarmar kakarta, tsohuwar ta ƙarasa da hannun da ke rawa.

In an gama duka, akwai wani abu da suke yi wanda Bintu ta rasa gane kansa. Tsohuwar takan miƙa hannu ta tsayar da shi bisa kan yarinyar, tazarar yatsa biyu, ba ta taɓa ko gashi ɗaya, ta daɗe a haka. Yarinyar kuma ta lumshe ido.

“Wannan kuma na mene ne?”

“Ba ruwanki,” in ji Iya Yelwa.

“Ɗumin hannun nake ji,” in ji Jamilatu, ba ta buɗe ido ba.

“A wannan bazarar, da ƙadangare ma ke neman inuwa, ke ɗumi kike nema? Allah ya shirye ku, daga ke har kakarki.”

Kullum kuma sai Bintu ta tambaya don me ita aka zaɓa. Ga Aminatu mai kitso nan gida uku, hannunta laushi kamar auduga, ga haƙuri, ga iya magana da yara. Me ya sa aka tsallake ta aka zo kan mai surfe? Tsohuwar sai ta juya fuska bango ta yi kamar barci ya ɗauke ta, abin da ke ƙara tunzura Bintu ke nan.

Ranar Laraba da hantsi Iya Yelwa ba ta iya kwanciya ba, sai jingine ta aka yi da bango, numfashi yana fita da ƙyar. Jamilatu tana waje a inuwar ceɗiya tana jera 'ya'yan tsamiya a faifai. Tsohuwar ta yafito Bintu.

“Kullum kina tambaya ta don me na zaɓe ki.”

“Har na gaji na bari.”

“Ba don hannunki ba ne. Hannunki, Allah na tuba, da shi da dutsen niƙa duk ɗaya. Amma hannu ana koya masa.” Ta tsaya ta huta. “In na mutu gidan nan zai cika. Kin san abin da mata ke yi in sun shigo gidan mutuwa suka ga maraya.”

Bintu ta sani, wa ma bai sani ba? Tun suna yara suke jin malamai na faɗa cewa wanda ya shafa kan maraya yana da lada a kan kowane gashi da hannunsa ya bi. Ita da kanta ta shafa kawunan da ba ta san adadinsu ba, kuma da zuciya ɗaya ta yi.

“Ranar da labarin ubanta ya zo, kina garin Mamudo wajen 'ya'yanki,” in ji tsohuwar. “Mata uku suka shafa kafin in juyo daga randa. Wata biyu ina jinyar kan nan. Duba bayan kunnenta, har yau gashi bai fito ba. A lokacin ina da ƙafa. To in ina cikin makara wa zai hana? Aminatu za ta iya duban idon Ummuhani ta ce sauke hannunki? Kunya za ta riƙe ta, a kashe mini yarinya da alheri tana kallo. Ke kuwa ba ki da kunya.”

“Iya! Wannan yabo ne ko zagi?”

“Ɗauki wanda kika ga dama. Abu ɗaya zan gaya miki. In kin ga hannu ya nufo ta, mai hannun za ki ja. Kada ki ja yarinya. Mai hannun.”

“Na ji.”

“Ba ki ji ba. Ke ba kya ji, shi ya sa nake maimaitawa. Mai hannun.”

“To na ce na ji! Sai na rantse?”

Washegari Alhamis, bayan azahar, Bintu tana shanya tsummoki a kan danga ta ji an kira sunanta can ƙasa-ƙasa. Ta shiga. Tsohuwar ta tambaye ta ko an sa tulun gobe a inda rana ke fara faɗowa. Ta ce ai gobe ba ta yi ba tukuna. Tsohuwar ta ce a dai sa. Daga nan sai leɓenta ya ci gaba da motsi, Bintu ta matso tana yi mata kalmar shahada tana bi, har ta daina bi. Bintu ta rufe mata ido, ta lura cewa a hankali ta yi shi, yatsu a shimfiɗe, yadda aka koya mata. Wannan ya ba ta haushi, haushin kuma ya zama kuka, ta yi shi a gurguje ta share, don ta san ba ta da lokacinsa.

Kafin la'asar ta yi sanyi an kai Iya Yelwa, gida kuwa ya cika kamar yadda ta faɗa. Bintu ta ɗauki Jamilatu yadda ake ɗaukarta, karo na farko ke nan da yarinyar ta bari, ta ajiye ta a kuryar ɗaki kan matashinta. Ta ɗauko taɓarya ta gitta a ƙofa, ta zauna a bayanta ta miƙe ƙafa.

“Gaisuwa daga nan. Ba a taɓa ta.”

Sai ka ce ta zagi iyayensu. Mace za ta shigo da hawaye, hannu riga a miƙe, ta ci karo da taɓarya.

“Haba Bintu, marainiya ce fa. Lada za ki hana mu?”

“Ku je ku nemi ladan a wani gida. Marayu sun ƙare a garin nan ne? Yaƙi ya bar muku su lungu-lungu.”

“Shafawa kawai zan yi, a hankali.”

“Da ke da a hankalin, ku tsaya nan.”

Wata ta ce tun da take ba ta taɓa ganin inda aka kafa wa maraya shinge ba. Wata ta ce ai dama Bintu gidan take so ta gaje, da ɗakin da ke yoyo da kaji biyar. Wata tsohuwa ta yi kamar ta zo karɓar ludayi, ta zura hannu ta ƙarƙashin taɓarya, Bintu ta kama mata wuyan hannu ta mayar mata da shi kan cinyarta, ta ce ta riƙe abinta da kyau kada ya sake ɓacewa. Kashim, ƙanen uban yarinyar, ya zo daga Gadaka a kan jaki, ya leƙa ya ga tsummoki da kaskon mai, ya ce shi dai Allah ya saka wa duk wanda zai riƙe ta, ya koma wajen maza da sauri. Kwana biyu Bintu tana gadin nan, abinci a tsaye, salla da ido ɗaya a ƙofa. Ta yi faɗa da rabin unguwa, amma kan Jamilatu lafiya lau.

Ranar sadakar uku zafi ya yi zafi. Ɗakin ya zama kamar tanderu, zafi kuwa shi kansa yana tayar wa yarinyar da bororo, don haka ba yadda Bintu ta iya, ta fito da ita gindin ceɗiya, ta zauna a gabanta. Can gefe wasu 'yan mata biyu suna dakan gumbar sadaka. Daka dai ake cewa. Taɓarya tana faɗa wa gefen turmi, gero yana tsalle yana zuba, kaji suna biki. Bintu ta kau da kai. Ta sake dubawa. Ta cije leɓe. Shekara ashirin tana wannan sana'a, a ce a gabanta, a gidan Iya Yelwa, a gumbar Iya Yelwa, ake wannan wulaƙanci?

“Ke! Wannan daka ne ko tsokana? Kawo nan!”

Taku huɗu ne tsakaninta da turmin. Ta yi niyyar nuna musu sau uku kawai ta dawo.

A daidai lokacin Ummuhani ta shigo. Ba ta gari aka yi rasuwar, a ranar motar Kano ta sauke ta, ko gida ba ta zauna ba ta taho. Mace ce mai kirki, wannan ko maƙiyinta ya sani, ita ke aiko wa tsohuwar da tsofaffin zannuwan da ake yanka tsumma. Ba wanda ya gaya mata dokar taɓarya, wa ma zai tare ta da wannan a ƙofa? Ta hango yarinya zaune ita kaɗai, hawaye ya zubo mata, ta nufe ta kai tsaye da hannu a miƙe, zobban azurfa uku a yatsunta.

Bintu ta juyo da taɓarya a hannu. Ta ga zobban, ta ga kan. Ummuhani tana can ɗaya gefen, yarinyar ce a kusa. Ba ta yi tunani ba, jikinta ne ya tafi. Ta yar da taɓarya, ta kai hannu ta cafki damtsen Jamilatu ta fizgo ta.

Hannun Ummuhani ya shafi iska. Bintu kuwa ta ji wani santsi ya motsa a tafinta, irin wanda ta ji sau huɗu a rana a ƙwaryar kunu. Ta buɗe hannu. Daga damtse zuwa gwiwar hannu, wurin da babu tsumma don lafiyarsa ƙalau da safe, fatar ta zame ta tattaru wuri ɗaya, sawun yatsu huɗu ya fito ja wur.

Jamilatu ba ta yi ihu ba. Ta ja numfashi ta riƙe, jikinta yana ɓari, hawaye yana zuba. Ta dubi hannun, ta ɗago ta dubi Bintu.

“Inna Bintu, kin yage.”

Gidan ya yi tsit. Bintu ta buɗe baki za ta ɗora wa wani, Ummuhani, ko 'yan matan turmi, ko zafin rana, ko tsohuwar da ta mutu ta bar ta da wannan kaya. Tun da aka haife ta ba ta taɓa neman magana ta rasa ba sai ranar. Mai hannun aka ce, sau uku aka faɗa, har ta yi fushi don an maimaita. Kunyar da aka ce ba ta da ita ta rufe ta tun daga kai har ƙafa.

Sai mata suka farfaɗo, kowa da maganinta. A barbaɗa toka. A'a, garin bagaruwa. A wanke da ruwan gishiri. A cire fatar da ta tattaru kada ta ruɓe. Wata har ta tashi za ta aika a kira wanzami. Jin wanzamin nan ne ya dawo wa Bintu da bakinta.

“Duk wadda ta ƙara taku ɗaya, wallahi sai ta bi Iya yau! Ku matsa ku ba mu iska. Aminatu, kaskon mai da tsummoki, suna kan randa. Ke kuma,” ta dubi Ummuhani, wadda hannunta ke sama har yanzu, “ga tulu can a rana, ɗauko.”

Ba a taɓa aiken Ummuhani a garin nan ba. Ta tattare mayafi ta je ta ɗauko tulun da kanta, ta durƙusa ta riƙe ƙoƙo.

Bintu ta wanke hannu, ta shafa mai. Ta zuba ruwa a hankali ya gangara.

“Kada ki cire,” in ji Jamilatu cikin shessheƙa. “Kaka mayarwa take yi.”

“Na sani.”

“Ta ƙarƙashi za ki sa yatsu.”

“Na ce na sani, uwar iyayi. Yi shiru in ji da abu ɗaya.”

Ta sa yatsu biyu ƙarƙashin fatar da ta tattaru. Siririya ce, ana ganin haske ta cikinta. Ba ta tsinka ba, ba ta ja ba. Ta ɗago ta kaɗan, ta shimfiɗa, ta saki, ta sake ɗagowa gaba kaɗan. Gumi yana ɗiga daga haɓarta, Aminatu ta sa gefen zane ta tare kada ya faɗa kan ciwon. Inuwar ceɗiyar ta matsa daga kansu har sai da wasu mata biyu suka ware mayafi suka tsaya suka yi musu rumfa. Da ta kai ƙarshe fatar ta rufe wurin, ban da wani ɗan gefe kamar faɗin farce da ya ƙi kaiwa. Ta shafe tsumma da mai ta naɗa, ba sako-sako ba, ba tamau ba.

Sannan ta ɗago ta dubi matan.

“Kun gani? Ni da aka koya wa, kwana goma sha ɗaya, hannu ɗaya, sau ɗaya. Ku ku nawa ne a nan?”

Ummuhani ta dubi zobbanta, ta zare su ɗaya bayan ɗaya ta ƙulle a bakin zane. Ta matsa baya, ta sa hannayenta biyu cikin mayafi, ta sunkuya daga inda take.

“Jamilatu, ya haƙuri? Allah ya jiƙan Kaka.”

“Amin,” in ji yarinyar.

Haka sauran suka yi, ɗaya bayan ɗaya, hannu a cikin mayafi. Har tsohuwar nan mai ludayi, ko da yake ita sai da ta yi gunaguni.

Da la'asar sakaliya gidan ya watse. Gumbar dai haka aka raba wa mutane, da tsakinta da komai. Bintu tana durƙushe bakin randa tana wanke tsummoki, tana faɗa da wadda ba ta nan.

“Kin faɗa. To kin faɗa, sai ki ji daɗi. Mutum ya mutu ma ba zai bar mutane su huta ba. Da kin ɗauki Aminatu ai da duk haka ba ta faru ba.”

Ta matse tsumma da ƙarfin da ya fi na tsumma, ta shanya. Ta ɗauki tulu ta cika, ta kai shi gindin danga ta gabas, inda rana ke fara faɗowa.

“Inna Bintu.”

“Mene ne kuma? Yana zafi?”

“Yana yi. Amma ba ki gama ba.”

“Ban gama me ba? Na huda na ƙafa, na naɗe na hannu, kin sha kunu. Me ya rage?”

Yarinyar ta gyara zama a kan matashin, ta sunkuyar da kai kaɗan, ta jira.

Bintu ta tsaya tana kallonta. Ta dubi tafin hannunta, ta goge shi a zane, ta sake gogewa. Ta zo ta durƙusa. Ta miƙa hannun ta tsayar da shi can sama, kusan kamu guda, don tsoro.

“Sauke kaɗan.”

Ta sauke.

“Ƙara.”

Ta ƙara, har ya rage yatsa biyu. Daga nan tana ganin wurin nan na bayan kunne da gashi bai fito ba. Jamilatu ta lumshe ido.

“Naki ya fi na Kaka zafi.”

“To ki yi haƙuri da shi, shi ke gare ni.”

Kaji suka soma shiga akurki. Hannun da ke wuni yana ɗaga taɓarya bai gaji ba ya fara rawa, sai Bintu ta kawo ɗayan ta tallafe gwiwarsa, ta bar shi a inda yake.